Motar da Na Yi wa Hamdiya Alkawari

Ni da bakina na yi wa Hamdiya alkawari, ba wanda ya matsa mini. Na ce mata hutun lekol, wato makaranta, na watan Oktoba zan zo Lyon da gida mai taya, mu tafi duk inda ranta ke so, mu dafa taliya a ciki, mu yi kwana biyar a ciki. Ɗiyata ce, shekararta bakwai. Tun da muka rabu da uwarta Shamsiya, ta samu aiki a Lyon ta tafi da ita, ni kuma na zauna Montreuil cikin ɗaki guda, sau biyu ina ce wa yarinyar nan ina zuwa, sau biyu ban je ba. Na farko aiki ya riƙe ni. Na biyun ba ni da wata hujja da zan iya faɗa a gaban mutane. Shamsiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in na sake saɓawa, in daina yi wa yarinya alkawari, in riƙa zuwa kawai kamar baƙo.

Shi ya sa na sayi motar. Irin wadda Faransawa ke ce wa kamping-kar, mai gado da murhu da ɗan teburi a baya. Wajen wani tsohon Bafaranshe na same ta, ta kusa shekara talatin a duniya, fara ce amma farin ya gaji. Ran da na shiga cikinta na ji wani wari kamar na tsumman da ya kwana cikin ruwa. Tsohon ya ce karensa ne ke kwana a ciki, na ce ba komai, wannan kam muna da maganinsa. Kwana uku ina kunna mata turaren wuta har ta koma ƙamshin ɗakin amarya. Abin da turare bai iya ba shi ne inji. Da na yi kilomita ashirin sai allurar zafi ta haye ja, hayaƙi ya fara fitowa ta gaba.

To fa, sai neman bakanike. Garejin farko suka ce ba sa taɓa mota mai waɗannan shekarun. Na biyu suka ba ni rana bayan sati shida, kamar likitan ido. Na uku ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya yi fito, ya rufe. Na je aski wajen mutanenmu a unguwar Château Rouge na kawo maganar, kai, da na sani da na yi shiru. Kowa da bakanikensa, kuma bakaniken kowa shi ne ɓarawon wani. Wannan ya ba ni lamba, wancan ya ce kada in kuskura, wannan bakaniken ne ya cire masa sabon batir ya sa masa tsoho. Na fito da lambobi biyar a waya, ban san wanda zan kira ba, saura sati huɗu hutun.

Goggo Latifa ce ta raba gardamar. Ƙanwar babana ce, tana can Damagaram, amma in allura ta faɗi a Paris sai ta ji. Ta ce mini wace irin wahala nake sha alhali Malam Badaru na nan Sevran da garejinsa? Abokin marigayi babana ne, tare suka tashi a unguwar Birni. Ta ce in je in ce ni Ilya ne ɗan Malam Haladu, ba sai na ƙara komai ba.

Haka kuwa aka yi. Dattijo ne ya haura sittin, gajere, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, garejin nasa mota biyu kawai yake ɗauka. Da na faɗi sunan babana sai ya aje sifanar da ke hannunsa, ya riƙe ni ya daɗe bai sake ni ba. Muka gaisa, muka yi wa matattu addu'a, ya tambayi mutanen da ni ban ma sani ba. Ni kuma daɗi ya kwashe ni, na fito da waya ina nuna masa hotunan Hamdiya, ina ta yabon motar, ina cewa Allah ne ya tsaga da rabona. Ya tambayi lafiyar yarinya, na ce lafiya lau sai dai asma da take fama da ita tun tana jaririya, sau biyu an kwantar da ita asibiti. Ya ce Allah ya yaye. Ya ce in dawo bayan kwana uku.

Bayan kwana ukun na dawo, ya tada injin a gabana, yana tafiya sumul kamar keken ɗinki. Na miƙa hannu in karɓi makulli, ya ce saura ɗan abu kaɗan a wayoyin wuta na baya, in dawo jibi. Jibi na dawo, ya ce gobe. Goben ma ya ce gobe.

Wallahi sati ukun nan ban san inda na sa kaina ba. In tashi daga aiki, in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in sauka in kama jirgin RER B, in tsaya cikin cunkoso har Sevran, in iske motata a lungu, ƙofar baya a kulle, shi kuma ya jawo mini kujera ya ɗora shayi. Sai labarin babana, yadda suka yi kaza suka yi kaza a kasuwar Dole. Ina zaune ina kallon motar, ba ni da bakin da zan ce Baba ba ni kayana. Yaya za ka ce wa abokin ubanka haka? A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki sau biyu ina maimaita gwaji ɗaya saboda na manta na riga na yi. In na ɗauki cokali sai in aje. Na fara zarginsa a raina, na ce ko dai bai iya ba ne yana jin kunyar faɗa, ko kuma yana cire mata kaya yana sa wa wasu. Hamdiya kuma duk ran da na kira ta sai in ƙara wani alkawarin a kan na da, in ce za mu ga dutse mai ƙanƙara, in ce ita za ta kwana a gadon sama. Ita dai sai ta ce to.

Ran Talatar ƙarshe Goggo ta aiko mini saƙon murya, minti goma sha ɗaya. Na san saƙon Goggo. Na kunna a cikin metro, ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta faɗi yadda damina ta ƙare da yadda hatsi ya yi, ta shiga lissafa waɗanda suka haihu. A minti na biyu na kashe, na aika mata amin amin, na maida wayar aljihu.

Ran Juma'a da safe, ranar da zan tafi, na isa garejin a fusace. Ko zama ban yi ba. Na gaishe shi gaisuwa gajera, na ce yau kam ko tana tafiya ko ba ta tafiya zan ɗauke ta. Ya goge hannunsa da tsumma, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ka saurari saƙon Goggonka?"

Na ce, "Na saurara, Baba."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Sai na ga ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya ce alhamdulillahi, ya ce sai haƙuri, haka Allah ya so. Ni a wautata na ɗauka haƙurin jinkirin da ya yi mini yake ba ni, har na ce a raina ashe dai ka san ka yi laifi. Ya ba ni makulli, ya yi mini addu'ar hanya, ya tsaya bakin titi har na sha kwana.

Motar ta yi tafiya, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Kilomita sama da ɗari huɗu allurar nan ko motsi ba ta yi ba. Amma duk da haka ina tuƙi ina mita, ina cewa aikin kwana uku ya mayar da shi na sati uku, mutanenmu ba za su taɓa gyaruwa ba. Na tsaya sau ɗaya na yi salla a gefen motar, ko abinci ban iya ci ba, na koma kan hanya. Shamsiya ta ce ƙarfe biyar za su sauko ƙasa su jira ni.

Daf da shiga Lyon cunkoso ya kama mu, motoci sun tsaya cik, wajen ƙarfe biyar saura kwata. Ina ta buga sitiyari da yatsa. Don dai in rage wa kaina zafi, kuma ƙaryar da na yi wa dattijo da safe tana ɗan sukata, sai na kunna saƙon Goggo daga inda na tsaya. Ta gama da masu haihuwa, ta shiga masu rasuwa, ta yi addu'a. A minti na tara muryarta ta sauka.

"Ilya, Malam Badaru ya kira ni. Ya ce in faɗa maka, shi ba ya iya duban idonka. Wanda ya sayar maka da motar nan ya cuce ka. Ruwa ya daɗe yana shiga ta rufin, katakon jikinta duk ya ruɓe, fumfuna baƙa ta cika bayan bangon har inda kan mutum yake in ya kwanta. Ya yi ta ƙoƙarin canzawa da hannunsa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce babba ma ba zai so ya kwana ciki ba, balle yarinya mai ciwon ƙirji. Don Allah kada ka sa ta a ciki."

Daga nan ta koma gaishe-gaishe, ta ce in gaida Shamsiya.

Mai motar da ke bayana ya yi ta danna mini oda kafin in gane hanya ta buɗe. Na fita a mafita ta farko, na shiga filin ajiye motoci na wani babban kanti, na haye baya. Allon da ke jikin gadon yana da sababbin kusoshi huɗu masu sheƙi. Na kwance su da wuƙar kicin. Da allon ya faɗo sai warin nan na ranar farko ya buge ni, ba kare ba ne, bai taɓa zama kare ba. Baƙi ne shimfiɗe tun daga ƙasa har rufi. Na danna yatsa a katakon, ya shige kamar cikin tuwo. Ta gefen hagu na ga sabon katako fari, an yanka shi da kyau an jera, tsawon hannu biyu, sai ya tsaya a inda ruɓar ta haye sama. Aikin da yake yi ke nan duk ranakun da nake zaune ina shan shayinsa ina zaginsa a ciki.

Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Haba Baba Badaru, magana ta minti ɗaya sai ta je Damagaram ta dawo? Haba Goggo, abin da ya shafi numfashin jikarki sai a minti na tara? Amma ni ne dai na kulle ƙofar nan na cika ta da turare, ni ne na dubi dattijo na ce har ƙarshe. Da cunkoson nan bai kama ni ba, da yau Hamdiya ta sa kanta a wurin. Na zauna bakin gadon, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kira Shamsiya na faɗa mata komai. Ta ce Allah ya saka wa dattijon. Na fara kame-kame, na ce ko za ta ɗan shirya yarinyar, ta faɗa mata a hankali kafin in iso, tunda ita ta fi sanin yadda ake mata magana. Ta ce a'a. Ta ce suna ƙasa tun ɗazu, in zo in faɗa da bakina.

Na iske su a bakin ƙofar benensu. Hamdiya ta ƙara tsawo, tana sanye da rigar sanyi ja, jakarta a baya. Ta dubi motar, ta dube ni. Shamsiya ta ja gefe. Na durƙusa a gabanta, na faɗa mata cikin Faransanci, don shi ta fi ji, cewa ba za mu kwana cikin motar ba, ko shiga bayan ma ba za ta yi ba, bangon ya ruɓe kuma zai tada mata ciwonta. Na ce laifina ne, ban duba ba kafin in saya. Na ce amma ina nan, zan nemi masauki, kwana biyar ɗin nata ne.

Na shirya wa kuka, ba ta yi ba. Ta gyaɗa kai kawai, kamar an ce mata kanti ya rufe. Na miƙe na ce ta kawo jakar in riƙe mata. Na ɗaga da ƙarfi don na zaci nauyi, sai hannuna ya tafi sama. Na buɗe zif ɗin. Babu komai a ciki, ko buroshin haƙori.

Na ce, "Hamdiya, ina kayanki?"

Ta ce, "Maman ta ce in shirya. Ni kuma na ce bari in ga ka zo tukuna."

Na dubi Shamsiya, ta kau da kai, ashe ita ma ba ta sani ba. Na rufe jakar a hankali na riƙe ta a hannu. Hamdiya ta tambayi uwarta ko ta hau sama yanzu ta zuba kayan.