Ba Gajiya

"Babaji, zo ka ɗaga mini ido in ga kafar allurar nan."

Na tsallaka kwata, na sa yatsa na ɗage wa Malam Salihu fatar idonsa. Ya zura zare, na saki, ta sake faɗowa kamar labule. Maƙwabcina ne a Ƙofar Marusa, mai ɗinkin hula. Tun bayan Sallah haka yake: da safe garau, da la'asar ido ya rufe, murya ta koma hanci, tuwo ya gagare shi taunawa. 'Yan majalisarmu har sun naɗa shi Sarkin Gyangyaɗi.

Matarsa Tani ta kai shi asibiti, da safe mana, lokacin da yake garau. Likita ya tambaye shi ko yana jin gajiya. Malam Salihu bai taɓa amsa gaisuwa a karkace ba, sai ya ce, "Ba gajiya." Aka haɗo shi da maganin ƙarin jini. Wallahi da na ji, haushi ya hana ni cin abinci.

Lydia, nas ɗin da ke haya a gidanmu, ita ta gan shi da yamma. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta yi dariya ba.

"Baba, tsakanin jijiya da tsoka akwai wasu ƙananan ƙofofi," ta ce masa. "Saƙo na taɓa su sai su buɗe nan take, gishirin jiki ya shiga, tsoka ta motsa. Ina jin jikinka ne ke toshe naka. Yau ido ne, amma numfashi ma da tsoka ake jan shi." Ta juya ga Tani. "Litinin zan kai shi wajen likitan jijiya. Kafin nan, ko zazzaɓi ya zo, kar a yi masa allurar kemis. Wata tana ƙara toshe ƙofofin."

Zazzaɓin ya zo ran Asabar, Lydia na wajen aiki. Ƙanensa Abba ya zo dubiya, ya taho da mai kemis. Daga zaure na jiyo Tani tana cewa, "An hwa ce kar a yi mai."

"Haba, masassara ce kawai," in ji Abba. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Malam Salihu ba ya iya kunyata baƙo. Ya gyara, aka yi masa allurar.

Bayan azahar na leƙa. Yana jingine da bango, kafaɗunsa na hawa da sauka, miyau na bin gemunsa. Tsoro ya kama ni, bakina kuma ya saki abin da ya saba.

"Malam, ina gajiya?"

Leɓunansa suka motsa, sauti bai fito ba, amma na gane amsar.

A cikin Keke Napep ya cika, muna hanyar asibiti, kansa bisa cinyata. Na kai hannu in shafe masa idanu, na tarar sun riga sun rufe.