Butar Dabo

Kyanwar ta sake tsugunawa a gindin rumbu, ta yi ta yunƙuri. Ɗigo biyu ne suka fito, su ma jaja-jaja da jini. Tasalla ta ajiye tsintsiya.

Kyanwar mijinta Dabo ce. Wata bakwai ke nan da Turawan da ke shata iyaka suka ɗauke shi dako, suka yi gabas, ba labari. Butarsa na rataye inda ya bar ta, Tasalla ba ta bari kowa ya taɓa. Da rana ta yi tsaka takan ji kamar takunsa a zaure, ta leƙa, ta tarar da akuya.

Ta sa kyanwar a kwando ta kama hanyar Lafani, rugar Goggo mai maganin dabbobi. Zangarniyar gero na kaɗawa a hankali. Har ta ga kamar Dabo na tafe a gabanta, gammo a ka, ba ya waiwaye.

Goggo ta lallatsa marar kyanwar, kyanwar ta yi ƙara.

"Ciwon fitsari na. Ɗiyata, ina ta ka shan ruwa?"

"Ga kasko nan kullum cike, Goggo."

"Ban tambaye ki kasko ba. Kin gan ta tana sha?"

Sai yanzu Tasalla ta tuna: kyanwar nan ba ta taɓa kula kasko ba. In Dabo ya zauna alwala a kan dutsen tsakar gida, takan zo ta miƙa harshe tana lasar ruwan da ke zuba daga bakin butar, yana yi mata tsiya wai sarauniya. Tun tafiyarsa raɓa take lasa da sauran fura. Kunya ta kama Tasalla, da tausayi.

"Ga sassaƙe ki jiƙa mata," in ji Goggo. "Amma in ba ta sha ba, ba ta kai Juma'a."

Da la'asar Tasalla ta daɗe tsaye a gaban butar. Ta sauke ta, ta fasa gidan zanzaro da ke bakinta, ta wanke, ta cika.

Ta zauna a kan dutsen, a mazauninsa, ta karkata butar. Kyanwar ta ɗaga kai ta dubi zaure tukuna. Sannan ta tako a hankali zuwa hannun Tasalla.