Furen Kabewa a Kwalba

Sati uku kabewar da ta shuka a bokitan baranda tana fitar da fure maza zalla. Sai yau da safe mata huɗu suka buɗe, kowace da ɗan kumburi a gindi. Ƙudan zuma ba ya hawowa bene na huɗu, don haka ita ta yi aikinsa: ta lakato garin furen namiji da tsinken auduga, ta shafa wa matan, sannan ta shiga wanka.

Tana fitowa ta tarar da su huɗun a kwalba kan tebur, mijinta na tsaye yana murmushi.

"Na ban haƙurin faɗan jiya ne," in ji shi. "Masu kyan na zaɓo miki."

Ranta ya yi baƙi ƙirin.

"Baban yara, kabewa huɗu ka yanka mini da almakashi! Wa ya aike ka?"

"To ai ga wasu can da yawa na bari."

Ta leƙa baranda, ta dawo ta dube shi sama da ƙasa.

"Waɗannan maza ne. Tsayuwa kawai suka iya."