Liƙi a Goshin Oga Fagbemi

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karanta na wasu kawai na saba, kuma sau uku ina yaga wannan takarda kafin in bar ta haka. In kun ga kuskure, don Allah ku kau da kai.

Shekara huɗu Morenikeji ta yi tana zaune bayan gilashi a reshen bankinsu na Ikeja, amma har yau ma'aikaciyar kwantiragi ce. Ranar Litinin za a fitar da sunayen mutum goma sha biyu da za a tabbatar wa aiki. Sauran kuwa, ƙarshen wata kowa ya kama gabansa. Sai ga shi ranar Asabar shugaban bankin, Oga Fagbemi, zai yi bikin cika shekara sittin.

Anti Folake, mai kula da su a reshen, ita ta ja ta gefe.

"Keji, ƙanwata, bar ganin digirin nan naki. Oga ba ya karanta fayil, fuska yake karantawa. In ya fito rawa ki kutsa, ki yi masa liƙi a goshi, ki faɗi sunanki da ƙarfi."

"Anti, ni zan ba Oga tukuici? Albashina bai kai kuɗin wankin babbar rigarsa ba fa."

"To wa kike so ya ba shi? Gwamna? Ke dai yi abin da na ce."

Matsalar ita ce anko. Shuɗin leshi da ɗankwali ruwan gwal aka fitar, kuma abin da Keji ta tara ba zai ɗauki anko da liƙi tare ba. Ta zaɓi liƙin. Ta goge farar rigarta da baƙin siket na zuwa aiki, ta ce ai goshi za a duba, ba zane ba.

A bakin zauren bikin mata na zaune ƙarƙashin lema suna sayar da sababbin takardun kuɗi, da riba a kai. Duk makon nan Keji ta yi ta ce wa jama'a babu sababbi a banki. Da ta karɓi bandir ɗin ɗari bibbiyu, sai ta ga hatimin reshensu a jikin ɗaurin. Ta dai biya.

Wajen la'asar, bayan an gama da amala da jalof, makaɗa suka kira Oga. Ya fito yana rausaya, tumbi a gaba, idanu a lumshe. Daraktoci suka fara da dala. Manajoji suka biyo baya. Kafin layi ya iso kan ƙananan ma'aikata, gumi ya jiƙe masa fuska har takarda na mannewa da kanta.

Keji ta kutsa. Ta ɗora ta farko a goshinsa.

"Morenikeji Akinwale, reshen Ikeja, sa!"

Ganga ta haɗiye maganar. Ta ɗora ta biyu, ta uku, ta ci gaba har bandir ɗin ya kusa ƙarewa, tana maimaita sunan kamar mai cigiya a tasha. Can sai Oga ya buɗe ido. Ya dubi farar rigar, ya dubi baƙin siket, ya yi murmushi.

"Yawwa, 'yata! Ke nake nema tun ɗazu."

Keji ta matso kusa da murna.

"Ku masu rabon abincin nan kun cika son jiki. Ba ki ga ana tattake kuɗi ba? Maza tattara."

Wani ya cusa mata babbar leda a hannu. Ta buɗe baki, amma Oga ya riga ya lumshe ido. Sai ta durƙusa, tana tsince takardu daga ƙarƙashin takalman manajoji, har da nata sababbin, da sawun ƙafa a kansu. Anti Folake ta zo wucewa tana rawa, ta sunkuyo kamar mai gyara zane.

"Kin gani ko? Har ya ba ki aiki tun kafin Litinin."

Da kiɗan ya tsaya, Keji ta miƙa ledar da hannu biyu, gwiwa a ƙasa. Oga ya zura hannu, ya laluba, ya kauce wa dala, ya zaro ɗari biyu guda ɗaya.

"Ungo, ki sha ruwa. Kuma ki gaya wa uwar ɗakinki ta ƙaro nama a tebur na ɗaya."

"Na gode, sa."

Bai tambayi sunanta ba. Mai gabatarwa ya kira manajojin rassa su zo hoto, zauren ya juya gaba ɗaya wajen fitilu. Keji ta ɗauki wani faranti da ba komai a kansa, ta bi bayan masu kwashe kwanuka zuwa kicin, ta ajiye shi a hankali kusa da ƙofar baya, ta fita.