Ranar da Gidiyon Ya Goya Kwamfuta

A shekarar 2006 Gidiyon yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a ɓangaren da ake jiƙa fatu cikin ramin ruwan magani. Shekara huɗu yana bakin ramin nan, har tafin hannunsa ya tsattsage. Duk Asabar in an tashi, sai ya zarce kafen intanet na Dabora, 'yar garinsu da ke Panshekara, ya zauna yana koyon Perl, wani yare da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi.

Wata Talata da safe kwamfutar sito ta mutu. Ita ce ke buga sitikar da ake manna wa kowane ɗaurin fata, mai ɗauke da lamba da zanen layuka siri-siri, kuma masu saye ba sa karɓar kaya in babu ita. Ga tirela tsaye a bakin get, direba ya ce da la'asar zai kama hanyar Legas, ko da kaya ko babu.

Gidiyon ya tare shugaban sito, Malam Abdulbaqi, ko takalmin roba bai cire ba.

"Malam, ku ba ni tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin tebur, zan buga muku."

Malam ya dube shi tun daga takalmi har hula. "In sitika ta fito kafin la'asar, kujerar mai buga sitika ta zama taka. In ba ta fito ba, ka koma raminka, kada in sake jin zancen kwamfuta a bakinka."

Ya zaro faifan Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda ya daɗe yana yawo da shi a jaka, ya sa wa kwamfutar, ya zauna rubutu. Kafin hantsi ya gama. Abu ɗaya ya rage, ƙunshin umarnin da ke zana layukan. Wani ya riga ya rubuta shi ya ajiye a intanet kyauta, sai dai babu intanet a sito.

Ya fita da gudu ya haye bayan Uwaisu, ɗan acaɓan da ke tsayawa a get. Suka je Panshekara, ya kwafo ƙunshin a filas, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, suka dawo. Da ya ce wa kwamfuta ta haɗa, sai ta ce wannan ƙunshin ba ya aiki sai da wasu guda biyu. Suka koma, ya kwafo biyun. Ɗaya daga ciki ya ce shi ma yana da nasa guda uku da yake jira.

"Wai wannan abin naka dangi gare shi?" in ji Uwaisu. "Kowa ka ɗauko sai ya ce a je a zo da ƙanensa."

Ana kiran azahar Gidiyon ya tsaya cak a tsakiyar sito. Ya tuna akwai wani umarni mai suna cpan, wanda in ka faɗa masa ƙunshin da kake so, shi da kansa zai nemo shi da duk danginsa, ya haɗa, ya gwada. Bai taɓa amfani da shi ba, don Dabora ba ta yarda a sa komai a kwamfutocinta. Amma wannan kwamfutar ai ba tata ba ce. Ya zare wayoyi, ya rungumi akwatin kwamfutar ya yi waje, Malam na kiransa bai ko waiwaya ba.

Dabora ta toshe hanci da ta gan shi karo na uku. "Ɗan'uwa, ka kore mini kwastoma da warin fata, yanzu kuma har da kaya?"

"Waya ɗaya kawai za ki ara mini, Anti."

Ta zaro wayar intanet daga tebur na ƙarshe ta miƙa masa, ta haɗa masa da allo. Ya rubuta cpan. Baƙin allo ya shiga jero masa tambayoyi, har da nahiyar da yake. Ya zaɓi Afirka. Ya duba jerin ƙasashe bai ga Najeriya ba, ya danna Afirka ta Kudu. Sannan ya rubuta sunan ƙunshin.

Rubutu ya fara gudu. Can ya tsaya, ya ce akwai dangin ƙunshin da ake buƙata, ya ɗauko su? Gidiyon ya ce e. Ya sake tambaya, ya sake cewa e. Yana kallo abin ya ɗauko wannan, ya ɗauko wancan, ya haɗa, ya gwada kowanne, yana rubuta ok, ok, ok a jere. Ƙunshi goma sha ɗaya ya ƙirga. Da a kan babur zai ci gaba da ɗauko su, da sai gobe. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa yana dariya shi kaɗai.

"Zauna kada ka ture mini tebur," in ji Dabora, ita ma ta kasa ɗauke ido daga allon.

Da ya gama, saura minti talatin da biyar la'asar. Uwaisu ya ce in za a yi gudu a hanyar nan mai ramuka, akwatin ba zai kai da rai a hannu ba. Dabora ta ciro zanen da take rufe firinta da shi, ta ɗora wa Gidiyon kwamfutar a baya, ta ɗaure tamau a ƙirji.

"To, maijego, a sauka lafiya."

Haka suka ratsa Panshekara, mutane na nuna su suna dariya, Uwaisu na danna oda ba ƙaƙƙautawa.

Direban tirela ya riga ya tayar da mota da suka iso. Gidiyon ya kwance goyo, ya jona wayoyi, ya danna. Firinta ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sannan ta ja numfashi ta tofo sitika ta farko. Malam Abdulbaqi ya ɗauko na'urar karanta lamba ya haska layukan. Ta yi ƙara, lambar ɗauri ta bayyana daidai.

"Ku ce wa direba ya kashe mota," in ji Malam. Ya jawo kujerar da ƙafa zuwa bayan Gidiyon. "Zauna, saura ɗari biyu da arba'in. Gobe kuma ka bar takalmin roban nan a gida, kana ɓata mini daɓe."