Zobban da Ango Ya Ɗaura wa Birgi

Malami ya sake murza rediyon, ba abin da ya fito sai shuuu, kamar ana suyar kifi. Tun asuba Ango, mijin 'yarsa, ya shiga kogin Kwara da kwalekwale. Iska ta taso da hantsi, masunta duk sun dawo ban da shi. Yana ɗauke da 'yar rediyon hannu da Malami ya ba shi. In yana kira, kiran na cikin wannan hayaniyar.

Malami ya san mai jawo ta: injin sola na shagon ƙanƙarar maƙwabcinsa Ɗanmaliki. Ya kuma san maganin, wasu baƙaƙen zobba da ake naɗa wayar eriya a jikinsu, su shanye hayaniyar. Ba kowane zobe ba fa. Waɗanda ya fasa daga tsofaffin wayoyin kwamfuta a kasuwar Bagudo ba su tsinana komai ba. Wata biyu yana jiran masu lambar da ta dace, sai shekaranjiya wani direba ya tsallako da su daga Benin, ya bar su hannun Aminat, 'yar Malami, matar Ango.

"Ke Aminat, kawo mini zobban ga!"

Ta tsaya bakin ƙofa, ciki wata takwas, idanu sun kumbura.

"Baba, Ango ya zaci dalma ka sayo mishi. Jiya ya ɗaura su a bakin birginsa."

"Ragar kifi? Duk shidan?"

"Suna cikin jirgin."

Kai! Shekara talatin yana gyaran rediyo, bai taɓa jin wauta irin wannan ba. Ya buɗe baki zai zazzaga zagi, ya tuna inda mai wautar yake, ya haɗiye. Tsoro ya kama shi. Ya fita ko takalmi babu.

"Ɗanmaliki, don Allah kashe injin ga."

"Ƙanƙarata fa, Malam?"

"Rai ake nema!"

Ɗanmaliki ya kashe. Malami ya dawo ya tarar da rediyon tas, tun da ya kafa ta bai taɓa jin ta haka ba. Ya danna maɓalli.

"Ango, Ango, Malami ne. Kana ji na?"

Ya saki. Shiru. Ya yi ta kira har aka yi la'asar, muryarsa ta dishe. Aminat na durƙushe, kunnenta a jikin rediyon.

"Baba, ce ma Ɗanmaliki ya kunna injin."

"Mi kika ce?"

"Ɗazu da ana hayaniyar, ina ta jin kamar muryar Ango a ciki."

Malami ya san ba muryar kowa a cikin hayaniyar. Duk da haka ya tashi ya nufi shagon.