Ƙarshen Fim Ɗin da Radivoj Bai Gani Ba

Duk ranar Lahadi Smilja takan kafa teburinta a kasuwar Najlon ta birnin Novi Sad, tsakanin mai tsofaffin famfuna da wata tsohuwa mai gwanjon riguna. Sana'arta sayar da tsofaffin littattafan zane, irin waɗanda ake ba da labari hoto bayan hoto, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Masu wannan sana'a suna da yawa a kasuwar, amma ita kaɗai ke sayen waɗanda kowa ya raina, wato waɗanda aka zana daga manyan finafinan Amurka lokacin da take budurwa.

A wancan zamanin, da zarar babban fim ya kusa shigowa gari, sai a sa wani mai zane ya mayar da shi littafi cikin gaggawa. A buga a takarda mai arha, a sayar a ƙofar silima da rumfunan jarida. Idan fim ya wuce, littafin ya koma abin hura murhu ko naɗe kifi.

Gavra, wanda teburinsa ke kallon nata, shi ne babban mai yi mata tsiya.

"Maƙwabciya, ga wani kwalin shara na kawo miki. Saya min kofi kawai ki ɗauka."

"Ajiye shi nan ƙasan tebur."

"Wai me za ki yi da su? Wannan ai talla ce, ba littafi ba. Masu tara abu na gaske ko kallonsu ba sa yi."

"Kowa ƙona nasa yake yi, Gavra. Wata rana za a nema a rasa. Yaran da suka yi layi a silima za su yi furfura, su sami abin hannu, su fito neman ƙuruciyarsu. Ni su nake jira."

"To ki nemi kujera mai laushi."

Ta jira fiye da shekara ashirin. Da ta ga danshin ɗakin ƙasa ya fara cin takardun, sai ta hau da su ɗakin kwana, ta cika kabad, kowanne cikin ledarsa. Rigar sanyin mijinta Obrad, tsohon direban bas, ta koma rataye a bayan ƙofa. Ya yi mita har ya gaji.

A cikinsu akwai guda ɗaya da ta fi tarawa. An zana shi daga wani fim da ya taɓa cika silimomin ƙasar, labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka sauka ƙarƙashin ƙanƙara neman wani birni da ya nutse. A fim ɗin, ƙanƙara ta rufta, babban ya tsira, ya bar ƙanensa a ƙasa. A littafin kuwa, babban ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma ya fito da shi. Saboda wannan bambancin masu tarawa suke kiransa "mai kuskure", kuma ya fi duk sauran arha. Babu sunan mai zane a jikinsa. Smilja kuwa duk lokacin da ta buɗe shafukan ƙarshen nan sai ta ga hannun mai zanen ya canza, layukan sun yi nauyi, fuskokin sun zama na mutanen da za ka iya gamuwa da su a tashar mota.

Wata bazara wani dillali ya zo daga Vienna. Ya sha kofinsu, ya duba kabad ɗin, ya ce zai kwashe duka a farashi ɗaya. Idon Obrad ya yi haske, don rufin ɗan gidansu na bakin kogi ya daɗe yana yoyo. Smilja ta raka baƙon har bakin ƙofa ta ce ba na sayarwa ba ne.

"Ke matar nan, kina da hankali kuwa?" in ji Obrad. "Mutum na farko ke nan da ya taɓa yarda sharar nan kuɗi ce."

"Shi ya sa. Tun da har ya taso daga Vienna, lokacin ya kusa. Amma littafin da ba a san mai shi ba, a kan nauyin takarda za a saye shi. Sai na gano wanda ya zana mai kuskuren nan, da abin da ya sa ya canza ƙarshen."

"Idan ya mutu fa?"

"Sai in gano kabarinsa."

Ta shiga bin tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a, waɗanda ke zaman dara a lambun gari. Wani ya tura ta wurin wani, har ta dace da wanda ya tuna: Radivoj ne, dogo mai shiru-shiru, ya bar aiki tuntuni, yana kiwon zuma a wani ƙauye kusa da Sombor.

Ta hau bas ta je. Ta tarar da shi a bayan gida tsakanin amyoyinsa, tsoho ne mai farin gashi da manyan hannuwa. Ta gaishe shi, ta ciro littafin daga jaka. Ya kalli bangon sau ɗaya ya kawar da kai.

"Kawu Radivoj, kai ka zana wannan?"

"Zuma nake sayarwa, 'yar nan. In kina so a auna miki."

Ta sayi zuma ta koma gida. Bayan mako biyu ta dawo, ya hango ta daga nesa ya shige ɗaki. Ta sake dawowa, ta sake sayen zuma. Obrad ya ce gidansu ya zama rabi takarda rabi zuma, ƙudaje kawai ake jira.

Da kaka ta yi, ta iso ta tarar da Zorka, matar tsohon, a tsakar gida tana gasa jan tattasai buhu-buhu don haɗa ajvar, wato miyar tattasai da ake adanawa a kwalabe saboda lokacin sanyi. Smilja ta naɗe hannun riga, ta jawo kujera ta shiga ɓare bawon. Suka yini suna yi, yatsunsu suka yi baƙi.

"Ke dai ba kya jin a'a," in ji Zorka.

"Ina ji, Gwaggo. Yarda ce ba na yi."

Zorka ta yi dariya, ta ɗaga murya wajen ɗaki. "Tsoho, fito ka sallami baiwar Allah nan. Ta yi mana aikin da 'ya'yanka ba su zo sun yi ba."

Ya fito, ya zauna a kan benci, ya zuba wa kansa ɗan rakija, barasar da suke haɗawa a gida. Ya kurɓa, sannan ya yi magana.

"Ban taɓa ganin ƙarshen fim ɗin ba."

Smilja ta ajiye tattasan da ke hannunta.

Ya ce an kai shi Belgrade ne aka nuna masa fim ɗin sau ɗaya tak, a wani ɗan ɗaki, yana zane a kan gwiwarsa cikin duhu. Fim a lokacin a faifai-faifai yake zuwa, kuma faifan ƙarshe bai iso ba. Aka tsaya daidai inda ƙanƙara ta rufta. Maigidansa ya ce ba lokacin jira, littafi sai ya riga fim fita, ya ƙarasa yadda ya ga dama.

"Na zauna na ce, da ni ne, ƙanena na ƙasa, me zan yi? Sai na zana hakan. Da fim ya fito, aka mayar da ni abin dariya a wurin aiki. Wani ya ɗaura min igiya a kujera. Maigidan da ya ce in ƙarasa, shi ya fi kowa zagi. Na ƙara shekara biyu na tattara alƙalumana."

"Ba ka je silima ka gani ba?"

"In je in ga me? An riga an faɗa min ni ne na yi kuskure."

Smilja ta ce akwai baje kolin littattafan zane a Belgrade wata mai zuwa, ta kama tebur, tana so ya zo ya zauna kusa da ita, ya sa hannu a littattafan, ya faɗi wannan labarin da bakinsa.

"Don ki sayar da tsada," in ji shi.

"Ƙwarai. Ba zan ɓoye maka ba, shekaru na yi ina jiran wannan. Duk wanda ka sa wa hannu, rabin kuɗinsa naka ne. Amma ko ba a sayi ko ɗaya ba, sunanka zai hau kan aikinka."

"Su sake yi min dariya da tsufana?"

"Wanda ya yi, ni zai gamu da ita."

Zorka ce ta ce za ta goge masa kwat ɗinsa.

Ranar baje kolin, Obrad ya tuƙa su a tsohuwar motarsa. Da safe ba wanda ya tsaya a teburinsu. Gavra, wanda shi ma ya kama tebur, ya ratso ya ce, "Maƙwabciya, yau har da mai gadin shara aka zo?" Smilja ta tashi tsaye, ta ɗaga littafin sama, ta shiga tare duk wanda ya gifta kamar mai tallar kayan miya: ga mutumin da ya zana mai kuskure, ku zo ku ji dalili.

Wani mai sanƙo da tumbi, sanye da rigar ofis, ya tsaya. Ya saurari labarin faifan da bai iso ba, ya karɓi littafin, ya buɗe shafin igiyar.

"A garinmu babu silima," in ji shi. "Wannan na karanta, ni da wana, har ya yage. Sai da na girma na ga fim ɗin, na ce ai sun ɓata labarin. Kawu, kai ne?"

Radivoj ya gyaɗa kai. Mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu, sannan ya ciro waya ya kira wansa.

Kafin la'asar an yi layi. Wasu sun saya, wasu sun ruga gida sun ɗauko nasu, duk ya yi laushi ya rasa bango. Radivoj ya sa wa kowa hannu, har waɗanda ba a wurin Smilja suka saya ba, ita kuma ba ta hana ba. Da farko sunansa kawai yake rubutawa, daga baya ya fara ƙara ɗan zane a gefe. Da rabin abin da ta zo da shi ya ƙare, Smilja ta rufe kwali ta tura ƙasan tebur.

"Ga mutane da kuɗi a hannu," Obrad ya raɗa mata.

"Baɗi ma akwai baje koli. In na zube su duka yau, gobe sun sake zama shara."

Labarin ya bazu tsakanin masu tarawa. Farashin mai kuskure ya tashi, ya jawo sauran littattafan finafinan a bayansa, ko da yake ba duka ba. Wasu har yau ba mai tayawa. Gavra ya zo yana sosa ƙeya, wai ko za ta sayar masa da kaɗan daga cikin waɗanda ya ba ta.

"Saya min kofi mu zauna, sai in faɗa maka farashi," in ji ta. "Amma ka zauna tukuna kafin ka ji."

Da sanyi ya shigo, Obrad ya samo fim ɗin, suka je ƙauye suka kunna wa tsohon a talabijin bayan abincin rana. Ya kalla har ƙarshe bai motsa ba. Da babban ya hau jirgi shi kaɗai, Radivoj ya tsuke baki.

"Wannan ne abin da aka zage ni a kansa?"

"Shi ne," in ji Smilja.

"Mutumin banza," ya ce, ya tashi ya tafi duba zumarsa.

Kafin su tafi, Zorka ta ja Smilja zuwa ɗakin ajiya, ta nuna mata kantocin da kwalaben ajvar ke jere. A ƙarƙashin kwalaben an shimfiɗa wasu manyan takardu masu kauri, duk da'irar mai da tsatsa.

"Da ya ce in ƙona su, na ga takardar tana da kyau," in ji Zorka. "Ban sani ba ko suna da sauran amfani."

Smilja ta ɗaga kwalba ɗaya. Zanen asali ne, na hannunsa, tawadar tana nan baƙa ƙirin. Takardar ta manne da katako, in aka ja da ƙarfi za ta yage. Ta leƙa ta gaya wa Obrad ya koma shi kaɗai, ita sai jibi. Sannan ta nemi wuƙa mai siririn baki, ta cire rigar sanyinta, ta fara sauke kwalaben ɗaya bayan ɗaya.